Alhamis a Shagon Kinuyo

Shafi na 14

Na ga saƙonninku. Wadda ta ce na bar Tomiko a tsakiyar titi na tafi harkokina, ki yi haƙuri, ga ta nan ta iso bakin ƙofa.

*

Sau biyu Tomiko tana wuce shagon ba ta iya shiga ba.

Yammacin Alhamis ne, lokacin da ofisoshi suke sako mutane. Lungunan unguwar Tenma sun cika maƙil. Hayaƙin nama ya gauraya da ƙanshin miya, kowane shago ya kunna jar fitilarsa tun rana ba ta gama faɗuwa ba. Maza sun cire kwat sun rataya a kafaɗa, 'yan mata suna tafe suna dariya suna leƙa inda za su samu wurin zama. Kowa da abokin tafiyarsa.

Ita kaɗai ce take rungume da jaka kamar mai neman asibiti.

Tun da mijinta Shigenobu ya rasu a watan jiya abinci ya gagare ta a gida. Hannunta bai iya awon mutum ɗaya ba. Sai ta dafa shinkafa, ta ɗiba kaɗan ta ajiye a gaban hotonsa, ta kunna turare, sauran ya kwana a tukunya. Shirun gidan ne ya koro ta titi. Abin da ta sani kawai shi ne duk Alhamis yakan dawo yana warin hayaƙi, in ta tambaya ya ce "Tenma", ya wuce wanka. Shi ya sa take bin shagunan ɗaya bayan ɗaya da hotonsa a jaka. Jiya wani mai gasa kaji ya dubi hoton ya kwashe da dariya, ya ce ai wannan Shige mai waƙa ne, ta je lungun bayan tashar jirgi ta tambayi Kinuyo.

Mai waƙa.

Mutumin da sai a wuni da shi a gida ba a ji muryarsa ba.

A karo na uku ta sunkuya ta ɗaga gajeren labulen ƙofar ta shiga.

Wurin ɗan mitsitsi ne. Kanta ce guda ta katako, da kujerun da ba su kai goma ba, a tsakiya tukunyar abincin da suke kira oden tana tafasa a hankali, ƙwai da farin tushe mai kama da karas da awara suna iyo a cikin romo. A bayan kantar wata gajeriyar mata ce mai furfura, ta naɗe hannun riga, muryarta kamar ta namiji. Ba sai an gaya wa Tomiko ita ce Kinuyo ba.

Ta yi mata maraba ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce ta zauna inda ta samu.

Kujera ɗaya ce ba kowa a jikin bango, da wata a gefenta. Tomiko ta nufi ta bangon.

Wani tsoho mai jan kumatu, wanda kowa yake kira Nagata, ya ɗaga kofinsa ya ce mata ta zauna abinta, amma ta sani aro ta yi, don ran Alhamis kujerar tana da mai ita. Kinuyo ta ce ya rufe baki ya bar baƙuwa ta sha iska, mai kujerar ai ya kwana biyu bai leƙo ba.

"Fushi yake yi," in ji Nagata. "Tsoho da fushin 'yan yara."

Tomiko ta nemi ƙwai ɗaya da farin tushe. Aka ajiye mata a ƙaramin kwano da ɗan yaji a baki. Ta ɗauki tsinkayen cin abinci, amma ba ta kai komai baki ba. A hankali ta tambayi Nagata ko wane ne mai kujerar.

Kamar jira yake.

Ya ce Shige ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ya ce in Shige ya sha kofi biyu sai ya miƙe ya riƙe ludayin Kinuyo kamar lasifika, ya kwaikwayi sanarwar tasha har sai mutane sun riƙe ciki. Wani saurayi a can ƙarshen kanta ya ce ai waƙarsa ta fi, duk da cewa muryar kamar ana jan ƙofar ƙarfe. Kinuyo ta ce ludayinta biyu ya karya, har yau bai ba ta haƙuri ba.

Suka yi ta dariya.

Tomiko tana kallon bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Ta nemi mijinta a cikin labarin ta rasa. Ta yi rayuwa da mutumin nan tun tana budurwa har gashinta ya yi fari, ba ta taɓa ganin haƙoransa na ciki ba. Ashe a nan yake kawo dariyarsa ya raba wa baƙi, ya koma mata da ragowar shiru.

Ta buɗe jaka ta fito da hoton ta ajiye a kan kanta.

"Wannan ne?"

Nagata ya sunkuya ya duba. Ya ce shi ne mana, sai dai a hoton ya ɗaure fuska kamar an kama shi da laifi. Sannan ya ɗago ya dube ta da kyau, ya tambaya ko ƙanwarsa ce.

"Matarsa ce."

Dariyar ta ɗauke.

Saurayin nan ya mayar da idonsa cikin kofi. Nagata ya ja kujerarsa baya kaɗan. Kinuyo ta ajiye ludayi, ta goge hannu a jikin tawul a hankali, wannan ne karon farko da ta dubi Tomiko ido cikin ido.

"Ke ce matar."

"Ni ce."

"To. Ashe ke kika hana shi fitowa."

Tomiko ba ta fahimci abin da ya sauya fuskar matar ba. Maganar da ta yi ta faɗa wa ma'aikatan hukuma da maƙwabta har ta zame mata kamar gaisuwa, yau ta yi mata nauyi a harshe.

"Ya rasu."



Ta ce da safe ne, a banɗaki, zuciyarsa ce ta tsaya. Kafin motar asibiti ta iso ya riga ya tafi. Ta ce ba a yi taro ba, ita ce da ƙanwarsa da maƙwabta kaɗan, don ba ta san yana da mutane ba. An ƙona gawar bisa al'ada, tokar ma tana gida, ba a kai ta kabari ba tukuna.

Nagata ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Kinuyo ta juya baya. Ta daɗe a haka tana fuskantar kwalaben da ke jere a bango. Sannan ta miƙa hannu ta sauko da wata da ta rage rabi, ta tsiyaya a ƙaramin kofi, ta ajiye shi kusa da hoton. Ta haɗa tafukanta ta sunkuyar da kai. Sauran ma suka yi haka.

A waje ana ta shewa, wasu suna kiran abokinsu ya yi sauri.

Nagata ne ya fara magana, muryarsa a dashe, kuma ba da Tomiko yake ba.

"Yanzu wa zai gaya wa yaron?"

"Wane yaro?" in ji Tomiko.

Kinuyo ta ɗago. Idanunta sun yi ja, amma ba taushi a cikinsu.

"Kar ki yi mana haka a nan. A gidanki kina iya cewa ba ki da ɗa. A shagona yana da suna."

Tsinkayen suka suɓuce daga hannun Tomiko.

Ɗa ɗaya ta haifa a duniya, Yusaku. Ya kusa shekara goma rabonta da shi. Ranar da ya zo ya ce ya ajiye aikin kamfani zai koyi sassaƙa kujeru, Shigenobu da hannunsa ya kwashi takalman yaron ya watsa su titi, ya ce daga ranar ba shi da ɗa. Ita kuka kawai ta yi. A cikin kukan ta ce wa yaron ya ba su kunya, maganar da ba ta yi zaton ita ce ta ƙarshe ba. Tun daga nan Shigenobu ya hana a ambaci sunan a gidan. Sau ɗaya ta gwada, a wata sabuwar shekara, ya ajiye kwanonsa ya fita bai dawo ba sai dare. Ba ta sake kiran sunan a gabansa ba.

"Yusaku?" ta ce. Sunan ya fito mata kamar baƙon abu. "Kin san inda Yusaku yake?"

"Na san inda yake zama. Ga ta nan, kujerar da ke gefenki."

Tomiko ta juya ta kalli kujerar. Katako ne kawai, gefensa ya goge da zama.

Kinuyo ba ta saurara mata ba. Ta ce tun damunar farko bayan rigimar uban ya bi sawun yaron har ya gano shi a wani wurin sassaƙa a garin Sakai, ya janyo shi nan da ƙyar. Ranar ba su ce wa juna komai ba, suka ci suka tashi. Mako ya zagayo suka sake zuwa. Tun daga nan ba Alhamis ɗin da ta wuce su, sai in ɗayansu ba lafiya. Ta ce a gabanta yaron ya zama mutum, a gabanta ya buɗe wurin aikinsa, kantar nan ma da Tomiko ta dafa hannu a kai shi ya sake ta.

Tomiko ta janye hannunta, sannan ta mayar. Ta shafa katakon. Sumul yake.

"Kuma duk mako tambayarsa ɗaya ce," in ji Kinuyo. "Mama ta huce? Uban ya ce tukuna. Mama ta tambaye ni? Uban ya ce a'a. Ni da ban haifa ba na kasa gane irin zuciyarki. Wai har hotunansa kika yayyaga."

"Ni?"

"Haka ya ce."

"Shigenobu ne ya ce na yaga hotunan ɗana?"

"A nan inda kike zaune."

Tomiko ta riƙe bakin kantar da hannu biyu.

Ta yi magana a hankali, ba ta kallon kowa. Ta ce hotunan suna nan duka, a ƙasan akwatin da take ajiye kayan aurenta, inda ta san mijinta ba zai taɓa buɗewa ba. Ta ce duk ranar haihuwar yaron takan dafa naman da yake so, ta ce wa Shigenobu araha ta samu a kasuwa. Ta ce akwai shekarar da ta yi ta hawa jirgin da ke zagaya gari tana duba fuskokin samari, har wani ma'aikaci ya tambaye ta ko ta ɓata ne. Da ta roƙi mijinta su nemi yaron, cewa ya yi bai san inda yake ba, kuma ba ya son sani.

"Ranar Alhamis ce ma na roƙe shi," ta ce. "Ya shigo yana warin romon nan."

Kinuyo tana ta murɗa tawul ɗin da ke hannunta.

Nagata ya ce shi dai bai gane ba. Ya ce Shige ba mugu ba ne, kowa a lungun nan zai shaida.



Can Kinuyo ta zagayo daga bayan kanta, abin da masu zuwa shagon suka ce ba su taɓa gani ba tana cikin aiki. Ta tsaya a gaban Tomiko ta sunkuya sosai, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta roƙi Tomiko ta yafe mata, ta ce shekaru ke nan tana zagin ta a zuci ba ta san fuskarta ba.

Ta ce akwai wani dare da Shige ya sha fiye da ƙima, yaron ya riga ya tafi, ya kifa kai a kan kantar ya ce shi ba abin da yake tsoro kamar ranar da uwa da ɗa za su haɗu. Ita ta ɗauka faɗa yake gudu.

Tomiko ta gane. Ta san mijinta ta wannan gefen, ko da ba ta san mai waƙar ba. Mutum ne da ko hanya ya ɓata ba zai juya a gabanta ba, sai dai ya yi ta tafiya. Shi ya watsa takalma titi, shi ya rantse. A ce ya shigo gida ya amsa cewa shi ne ya fara saukowa, wannan ya fi ƙarfinsa. Wataƙila ya ce bari zuwa wata mai zuwa. Wata ya zama shekara. Daga nan kuma in ya faɗa, sai ya amsa tambayar inda shekarun suka tafi.

Ta gane, amma ganewar ba ta rage mata komai ba.

Ta tuna daren Alhamis nawa ta yi ita kaɗai a gaban talabijin, abincinsa a rufe, tana jin tausayinsa wai baƙin cikin ɗansa ne yake kai shi shan giya.

Ta dubi hoton da ke kan kanta. Ta miƙa hannu ta kifa shi.

"Yusaku yana lafiya?" ta tambaya. "Yana cin abinci? Da ma ba ya son sanyi."

Kinuyo ta ce lafiyarsa ƙalau, har ya yi tumbi. Ta dubi Nagata, Nagata ya kau da kai.

"Ya yi aure," in ji ta. "Yana da 'ya."

Tomiko ba ta yi kuka ba. Numfashinta ne kawai ya riƙa fita da ƙara.

Kinuyo ta ce yarinyar ce ma sanadin abin da ya faru a zuwansu na ƙarshe. Za ta shiga makaranta a watan gobe, ta ga kowa a unguwa yana da kaka, ta fara tambaya. Yusaku ya roƙi uban ya bar shi ya je gida, ko da korar sa za a yi, ya durƙusa a ƙofa ya nemi a zo bikin shigar yarinyar. Uban ya ce ya bari tukuna. Yusaku, da bai taɓa ɗaga wa ubansa murya ba, ya daki kantar nan har kofuna suka zube. Ya ce ya gaji da tukuna. Ya ce Alhamis mai zuwa ko dai uban ya zo da Mama, ko kuma kar ya zo.

"Bai zo ba," in ji Kinuyo. "Yaron ya kira wayarsa ya ji ta a kashe. Ya ɗauka fushi ne. Duk muka ɗauka fushi ne."

Wayar tana gida a cikin aljihun tebur. Tomiko ce ta kashe ta da hannunta ranar da aka dawo daga ƙona gawa, don ba ta san yadda ake buɗe ta ba.

"Amma yaron bai fasa ba," in ji Nagata. "Duk mako sai ya zo ya zauna yana kallon ƙofa har a rufe."

"Yau ma?"

"Yanzu ma ya makara."

Tomiko ta miƙe zumbur. Jakarta ta faɗi. Ta ce ba za ta iya ba, ba yau ba, ko gashinta ba ta gyara ba, ba ta san da wace za ta fara ba. Ta roƙi Kinuyo ta gaya masa ita, gobe ko jibi sai ta dawo.

Kinuyo ta riƙe mata wuyan hannu. Hannunta da ɗumi da ƙarfi.

"'Yar'uwa, an gaji da aika wa yaron nan saƙo ta bakin wani. Zauna."

Ba ta kai ga zama ba aka ji ƙarar keke ya tsaya a waje. Wani ya gaisa da mai shagon da ke kallon nasu, suka yi ɗan barkwanci. Muryar ta yi kauri, ta zama ta magidanci, amma Tomiko ta san ta. Ko a cikin taron tasha za ta ware ta.

Labulen ya ɗaga.

Kai ya fara shigowa, ya sunkuya don tsawonsa. Akwai garin katako a kafaɗar rigarsa, gashinsa ya fara ja da baya irin na ubansa.

"Inna Kinuyo, tsohon nan ya..."

Ya tsaya.

Hannunsa yana riƙe da labulen bai sake shi ba. Ya dube ta tun daga farin gashinta har ƙasa, ya sake dubawa.

"Mama."

Kai kawai ta gyaɗa.

Ya shigo taku biyu, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa kantar. Kafaɗunsa suna rawa. Da ya ɗago hawaye ne a fuskarsa, amma dariya yake yi, irin dariyar da yake yi yana yaro in an saya masa abin da ya daɗe yana roƙo.

"Ya kawo ki," ya ce. "Na ɗauka ya yi zuciya da ni, ashe lallashin ki yake ta yi. Inna Kinuyo, kin gani? Baba Nagata, ban gaya maka zai iya ba?"

Nagata ya rufe fuska da hularsa.

Yusaku bai lura ba. Ya goge ido da bayan hannu, ya waiga dama, ya waiga hagu, ya leƙa ƙofar banɗaki.

"To ina ya maƙale? Kunya ce ta hana shi shigowa ko?"

Ya koma bakin ƙofa da sauri, ya ɗaga labulen, ya leƙa cikin taron mutanen da ke wucewa.

"Baba, shigo mana. Na huce."

Ya ɗan jira. Sannan ya juyo yana murmushi, ya dubi uwarsa.

"Mama, ina kika baro shi?"